Zaman Ɗalibi Da Raharsa: Zaurukan Sakkwato Da Makarantun Yahudawa

 

Yau filinmu zai duba wani mutum wanda kowa a birnin Sakkwato ya saba gani, amma kaɗan ne suka san yadda yake wuni da yadda yake kwana, watau ɗalibin ilmi. Ɗan kasuwa yakan wuce shi da sassafe a hanyarsa ta buɗe rumfa, ma'aikacin gwamnati yakan hango shi da yamma a bakin wani zaure, da littafi a cinya. Muna so mu san abin da yake karantawa, da abin da yake ci, da abin da ke ba shi dariya. Sa'an nan za mu leƙa makarantun Yahudawa, inda ake da ɗalibai masu irin wannan zama, domin mutum yakan fi gane darajar kayan gidansu in ya ga yadda waɗansu suka riƙe nasu.

Kada wani ya yi mamakin wannan leƙe. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kamar rabin wata. Bambancin aƙida tsakaninmu da su sananne ne, rigingimun siyasa kuma suna da filinsu daban. Maganarmu ta yau a kan ɗalibi ce da littafinsa da kwanonsa.

WUNIN ƊALIBI A SAKKWATO

Da an sallame sallar Asuba, sai ka ga ɗalibai suna ɓullowa daga lunguna, wasu daga wajen Gidaɗawa, wasu daga Sabon Birni, wasu daga Ƙofar Rini ko Ƙofar Atiku, kowa ya nufi zauren malaminsa. Malam yana zaune bisa buzu, littattafai jibge a gefensa. Babu ƙararrawa, babu rajista, babu aji. Wanda ya riga zuwa shi ke riga ɗaukar karatu. Ɗalibi ya gurfana, ya karanta jimlar Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, shi kuwa yana amsawa da "na'am", har malam ya ga ya isa haka. Sai ya koma gefe, wani ya matso da nasa littafin. Mai wayo ba ya tashi in ya gama, sai ya zauna yana sauraren karatun waɗansu, ya kwashi na gaba da shi, ya yi tishin na bayansa, duk a zama guda.

A zaure ɗaya za ka tarar da saurayi ɗan shekara 18 da dattijo mai furfura, kuma wataƙila saurayin ne ke gaba a littafi, gama gemu ba ya hana ilmi. Akan fara da Ƙawa'idi, sai Ahalari, sai Ishmawi da Iziyya, sai Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya, sai Askari, har a kai Muhtasar na Shaihu Halil, wanda gajarta maganarsa ta sa gumi ya karyo wa mazaje da yawa. A nahawu akan fara da Ajuruma a ƙare da Alfiyya ta Ibn Malik mai baiti kamar 1,000. A lugga akwai Ishiriniya da Burda da Shu'ara da Muƙamomi 50 na Hariri. A tafsiri akwai Jalalaini da Liya'ut Ta'awili na Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo. Wanda yake son ya ga tsufan wannan tsari, ya duba Ida'un Nusuhi, inda Abdullahi ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a hannun kowannensu. Zai tarar da yawa daga cikinsu su ne har yau ke cikin gafakar ɗalibai, shekaru fiye da 200 bayan Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809.

In hantsi ya ɗaga, zaure ya watse, kowa ya tafi neman abin kai wa baka. Wani ɗinkin hula, wani wanki da guga, wani tsaron shagon wani attajiri, wani koyar da yara allo a gidajen ma'aikata. Baƙi 'yan cirani, waɗanda suka baro ƙauyuka bayan an kai amfanin gona gida, su ne suka fi shan wuya, domin ɗaki guda sukan cika su biyar ko shida, ga zafin bazarar Sakkwato wanda ba ya bukatar a ba da labarinsa. Bayan La'asar waɗansu su koma wani zauren, gama ba a hana ɗalibi ya ɗauki fiƙihu a wurin wannan malami, nahawu a wurin wancan. Bayan Isha'i kuwa sai muɗala'a: biyu ko uku su haɗa kai a kan fitila ɗaya, su maimaita na yau, su duba na gobe. Alhamis da Juma'a hutu ne, ranakun wanki da ziyarar Hubbare da gaishe da malamai.

RAHAR ZAURE

Wanda bai zauna da ɗalibai ba yakan zaci fuskarsu kullum a murtuke take. Ai kuwa da wuya ka sami masu barkwanci kamarsu, sai dai barkwancin nasu da kayan karatu ake ƙera shi, wanda bai yi karatun ba sai ya ga ana dariya bai san dalili ba.

In an ajiye kwanon tuwo a tsakiya, sai ka ji mai nahawu ya fara li'irabi. Ya ce kwano mansubi ne, tun da an kafa shi. Loma marfu'a ce, tun da sama ake ɗaga ta. Miya majrura ce, tun da kowa jawo ta yake yi gabansa. Wanda ya zo a makare kuwa majzumi ne, an yanke masa rabo, sai ya yi sukun. In kuma bakuna sun fi ƙosai yawa, sai mai karatun rabon gado ya ce mas'ala ta yi auli, watau rabe-rabe sun fi dukiya yawa, tilas a rage wa kowa kaɗan. Mai yawan gyara wa mutane wasali akan laƙaba masa Sibawaihi. Wanda ya haddace ƙabli da ba'adi sarai, in an sa shi limanci ya rikice, ba zai huta da tsiya ba har a kai wata.

Akwai kuma tsohuwar shari'ar Zaidu da Amru. Duk wanda ya taɓa nahawu ya san misalin da ake bugawa kullum, cewa Zaidu ya doki Amru. Ɗalibai sukan tambaya, wai me Amru ya yi ne da yake shan duka tun zamanin malaman Basra har yau? Amsar da aka gada ita ce sata ya yi. Sunan Amru ana rubuta shi da harafin wawu a ƙarshe wanda ba a furtawa, don a bambanta shi da Umaru, sunan Dawuda kuwa ana furta wawu biyu amma ɗaya ake rubutawa. Ashe Amru ne ya sace wawun Dawuda, shi ya sa malaman nahawu suka sa Zaidu ya yi ta horonsa. Ɗalibin da ya yi dariyar wannan ba zai ƙara manta yadda ake rubuta sunayen nan biyu ba. Nan ne amfanin abin yake: raha ƙugiya ce da ake rataye karatu a kanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin magabata. An tambayi Sha'abi, babban tabi'in Kufa, sunan matar Iblis, ya amsa da cewa shi dai bai halarci wannan ɗaurin aure ba. An ruwaito cewa Zuhuri, malamin Imam Malik, yakan nemi ɗalibansa su kawo waƙoƙi da labarai bayan an gama hadisi, saboda kunne yana gajiya. Haɗib na Bagadaza, wanda ya rasu a 1071, duk da girmansa a ilmin hadisi ya wallafa littafi sukutum a kan masu zuwa walima ba gayyata. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, mai wa'azin da ke sa dubban mutane kuka, ya tara labaran wawaye da gafalallu a littafi guda, na masu kaifin basira a wani.

MAKARANTUN YAHUDAWA

To, bari mu haura zuwa waɗancan makarantu. Makarantar da Yahudawa ke karatun littattafan addininsu mai zurfi sunanta yeshiba, ma'anar kalmar kuwa zama, kamar yadda mu ma muke cewa majalisi. Ɗakin karatun suna kiransa bait midrash, asalinsa ɗaya da madrasa. Ɗalibi kuma talmid, ɗan'uwan tilmizi na Larabci, gama Ibrananci da Larabci harsuna ne 'yan gida ɗaya.

Babban littafin da suke wuni a kansa shi ne Talmud. Gindinsa wani matani ne na hukunce-hukunce mai suna Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 ta Miladiyya, kashi 6, littattafai 63. A kansa aka ɗora muhawarorin malamansu na ƙarnoni, mafi yawa da harshen Aramiyanci, waɗanda aka haɗa a ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 500, a makarantun Sura da Fumbadita. Shafinsa in ka gani sai ka tuna da littattafanmu masu hashiya: matani a tsakiya, sharhohi kewaye da shi, mafi shahara shi ne na Rashi, mutumin Faransa, wanda ya mutu a 1105. Waɗansu manyan malamansu ma a ƙasashen Musulmi suka tashi, da Larabci suka yi rubutu. Sa'adiya mutumin Fayyum ta Masar, wanda ya mutu a 942, ya fassara Attaura da Larabci. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya mutu a Masar a 1204, da Larabci ya wallafa Dalalatul Ha'irina.

Wunin ɗalibinsu ya kasu uku: zaman safe bayan addu'arsu ta safiya, zaman rana, da zaman dare, ga darasin babban malami a tsakani. Ranar Asabar ita ce ranar ajiye aiki. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne hayaniya. Kowane ɗalibi yana da abokin karatu tsayayye, ana kiran wannan haɗi habruta, watau abota. Su biyu za su zauna gaba da gaba, wannan ya karanta ya kawo fahimtarsa, wancan ya rushe ta, wannan ya sake ginawa, ana ɗaga murya ana karkaɗa babban yatsa. In ɗaruruwa suka taru a ɗaki guda sai ka ce kasuwa ce ta cika. A wurinsu aboki nagari shi ne mai kawo maka matsala, mai cewa "haka ne" kullum ba shi da amfani.

Raharsu ita ma daga karatun take fitowa. Talmud ya ba da labarin wani shugaban makarantar Fumbadita mai suna Rabba, wanda yakan buɗe darasi da abin dariya, ɗalibai su yi dariya, sa'an nan ya natsu ya shiga karatu. Akwai kuma labarin ɗan tattabara. Hukuncinsu ya ce in an tsinci ɗan tattabara cikin zira'i 50 daga ɗakin tattabaru, na mai ɗakin ne, in ya wuce haka na wanda ya tsinta ne. Sai wani mai suna Irmiya ya tambaya, to in ƙafarsa ɗaya tana ciki ɗaya tana waje fa? Saboda wannan tambaya aka fitar da shi daga ɗakin karatu, ko da yake daga baya an mayar da shi, da aka ga zurfin ilminsa.

Duk ɗalibin fiƙihun Malikiyya da ya ji wannan zai tuna da Asad bin Furat. Ya zo Madina wurin Imam Malik, in aka ba shi amsa sai ya ce to in da kaza ne fa, in da kaza ne fa, har Imam ya nuna masa cewa in irin wannan yake so sai ya nufi Iraƙi. Ya kuwa tafi. Tambayoyin da ya komo da su ya kai wa Ibnul Ƙasim a Masar, daga nan Sahnun ya sake tace su suka zama Mudawwana, uwar littattafan mazhabarmu. Matambayi ba ya ɓata, ko da ya gajiyar da malaminsa.

Akwai wata almara da ɗalibansu ke yi wa junansu. Malami ya ce wa ɗalibi, mutum biyu sun sauko ta bututun hayaƙi, fuskar ɗaya ta yi baƙi, ta ɗaya fes, wa zai wanke fuska? Ɗalibi ya ce mai baƙar. Malam ya ce a'a, mai fes ɗin, domin ya dubi ɗan'uwansa ya zaci shi ma haka yake. Ya sake tambaya, ɗalibi ya ce mai fes ɗin. Malam ya ce kai, ta yaya mutum biyu za su bi bututu ɗaya wani ya fito fes? Manufa ita ce a koya wa ɗalibi ya binciki tambayar kanta kafin ya yi gaggawar amsa. A idinsu na Furim kuma, a waɗansu makarantu, akan naɗa ɗalibi guda ya zama malami na wuni ɗaya, ya kwaikwayi malamai ana dariya. Wannan kam ladabin zaurenmu bai yarda da shi ba. Ɗalibinmu kansa a sunkuye yake gaban malam, gardama da tsiya tsakaninsa da tsaransa suke tsayawa, kuma da wannan ladabi muke neman albarkar karatu.

KWANON ƊALIBI

Inda kamannin suka fi ƙarfi shi ne wajen ciki. A garuruwan Yahudawa na gabashin Turai a da akwai al'adar da suke kira ranakun ci. Ɗalibi baƙo a masallacinsu yake kwana, Lahadi ya ci a wannan gida, Litinin a wancan, haka har mako ya zagayo. Wanda bai sami gidan Talata ba, to, ranar Talata sai haƙuri. Wace uwar ɗaki ce a Sakkwato ba ta san wannan ba, ita da take ajiye wa almajirinta ɗan tuwo a kwano kowane dare?

Wajen shekarar 1803, kusan lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, wani malaminsu mai suna Hayim ya buɗe makaranta a garin Bolojin, cikin ƙasar da yanzu ake kira Belarus. Sabon abin da ya kawo shi ne ya raba ɗalibi da bin gidaje. Ya aika wakilai gari gari suna karɓar taimako daga 'yan kasuwa da sauran jama'a, makaranta kuma ta riƙa ba kowane ɗalibi ɗan abin da zai biya ɗaki da abinci. Da ciki ya kwanta sai karatu ya tashi, har ya zama ana karɓa-karɓa dare da rana, ɗakin karatu ba ya yin shiru. Makarantar ta zama abin koyi ga waɗanda suka biyo baya, har zuwa 1892 da aka rufe ta, lokacin da gwamnatin Rasha ta tilasta a ba karatun boko mafi yawan sa'o'in rana. Hausawa sun riga sun faɗi gaskiyar abin: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba su bar mai sana'a a baya ba. A shekarar 1923 wani malaminsu na ƙasar Folan, Mayir Shafiro, ya kawo shawarar kowa ya riƙa karanta ganye guda na Talmud kullum, duk duniya a kan ganye ɗaya. Ganyen 2,711 ne, saboda haka akan sauke cikin kamar shekara bakwai da rabi. An yi bikin sauka ta 13 a watan Janairu na 2020. Da yawa daga masu wannan karatu 'yan kasuwa ne da ma'aikata, kafin su fita aiki ko bayan sun taso.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ya 'yan'uwa Musulmi, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba mu da asalinsa a gida. Zarnuji, a cikin Ta'alimul Muta'allimi da ɗalibanmu ke karantawa, ya yi dogon bayani a kan zaɓen abokin karatu da amfanin muzakara da munazara. Waƙafi domin ɗalibai tsohuwar hanya ce ta Musulmi, da shi aka riƙe Azhar ƙarni bayan ƙarni. Zaurenmu kuwa tun asali a buɗe yake ga mai rumfa da mai ofis, ba a tambayar shekaru, ba a tambayar takardar shaida. Abin tsoro shi ne sakaci. Yau da yawa sun wadatu da sauraren karatu a wayar hannu, su kaɗai a ɗaki. Akwai alheri a cikin wannan, amma waya ba ta ce maka ka yi kuskure, ba ta jayayya da kai, ba ta yi maka tsiyar da za ta sa ka haddace. Ɗalibai masu ƙwazo kuma suna ajiye Muhtasar a tsakiya saboda neman abinci ya cinye musu wuni.

Saboda haka muna kira ga abu uku. Na farko, kowane ɗan kasuwa da ma'aikaci ya ɗauki littafi a wurin malami, ya nemi aboki guda su riƙa bita tare. Wanda ya riƙe baiti 4 na Alfiyya kullum, ban da Alhamis da Juma'a, cikin shekara guda zai kai ƙarshenta. Na biyu, masu hali su dubi babban ɗalibi ɗaya a unguwarsu, su ɗauke masa kuɗin ɗaki da abinci a asirce, ko su haɗa kai su tsayar da waƙafi a kan wani zaure, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alƙalin gobe da limamin gobe suna cikin waɗannan masu ɗinkin hula.

Na uku, kada a tsawata wa ɗalibi don an ji yana dariya. Manzon Allah (S.A.W.) yakan yi raha da sahabbansa, amma ba ya faɗin sai gaskiya, kamar yadda ya yi wa mutumin da ya roƙi abin hawa alkawarin ɗan taguwa, mutumin ya yi mamaki, sai ya fahimtar da shi cewa kowane raƙumi ai ɗan taguwa ne. Iyakar ke nan: ban da ƙarya, ban da wulakanta mutum, ban da wasa da ayoyin Allah, ban da yawaitawa har zuciya ta ƙeƙashe. Karatu farkonsa maɗaci ne, ɗan gishirin raha shi ke sa a iya haɗiye shi har a kai ga zumar.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya, ya buɗa wa ɗalibai ƙirji da arziki, ya saka wa masu ciyar da su da alheri, amin.